Makamin Farke a Hanya: Daga Kwari da Baka zuwa Bindigar Aljihu

 Barkanmu da zagayowar ranar ƙungiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa masu rai lafiya da rufin asiri.

Duk shekara shugabanni kan bar wa biro ƴan shafuka a wannan takarda domin mu rubuta wani abu na tarihi. Bana mun ɗauko maganar makami, kuma dalili ne ya sa. Tun da hanyoyi suka lalace, da wuya wata ya ƙare wani daga cikin samarinmu bai shigo biro ya turo ƙofa, ya rage murya, ya tambaye mu ba: wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu ƙarƙashin riga, kuma mai wane irin harsashi? Wasu har da bidiyo suke zuwa a waya, na Amurkawa suna gardama a kan mai milimita 9 da mai lamba 45. Mu magatakarda ne, ko ta farauta ba mu taɓa harbawa ba. Abin da muka iya shi ne tambayar dattawa da buɗe littafi, shi kuwa muka yi.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Kakanninmu fataken goro sun yi ta kafin mu, lokacin da ake tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, a sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani sa'in shekara guda. Ana tafiya da kanwa da baƙin tufa da kayan fata, a komo da goro. Bargu kuwa ta yi suna wajen ƴan kwanta-kwanta, har Turawan farko da suka bi ta can sai da suka rubuta haka. Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Clapperton, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama a 1826 yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1000, maza da mata, da dabbobin kaya kimanin haka.

Wannan adadi shi ne makami na farko. Ba wanda ke tashi shi kaɗai da jakunansa biyar ya ce zai ratsa Bargu. Ana jira ne a taru, a naɗa madugu, kowa ya yi masa biyayya har a dawo. Jagaba na gaba da ƴan makami, shi ya san hanya da mashaya. Uban dawaki na tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya da masu fito. Akwai malami mai duba ranar tashi da riƙe lissafi, wanda mu ƴan biro muke ɗauka kakanmu ne a sana'a. Madugu da kansa yakan zo a baya, inda gajiyayyu suke, inda kuma ɓarawo ya fi son taɓawa. Idan an sauka zango a tara kaya wuri ɗaya, a sa dabbobi tsakiya, a raba gadi. Sunan nan ne ya bi mu har Gana, inda unguwannin baƙi a Kumasi da Ankara suke amsa sunan zango har gobe.

Makami na biyu baki ne da kuɗi. Madugun kirki ya fi kashe dukiya wajen gaisuwar sarakuna bisa wajen sayen kibiya, domin sarkin da ya karɓi gaisuwa ya ɗauki nauyin hanyarsa ke nan. Sai bayan waɗannan biyu ake zuwa ga ƙarfe.

Ƙarfen kuwa a fili yake. Kwari da baka a kafaɗa, kibiyoyi sun sha dafin kwankwani. Takobi a rataye, mashi a hannu, wuƙa ɗaure a damtse irin ta Buzaye. Ba a ɓoye su, don amfaninsu na farko shi ne mai laɓe cikin sunƙuru ya hango su ya ƙirga, ya ce wannan ayari ba na taɓawa ba ne. A nan tunaninsu ya bambanta da na samarinmu na yau, waɗanda ke neman abin da ba za a gani ba.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zauna Kano a 1851 ya bi kasuwa yana lissafin abin da ke shigowa. Ya ƙiyasta ruwan takobi kimanin 50,000 ake kawowa kowace shekara, kusan duka ƙirar garin Solingen na Jamus, ana sayar da ɗaya wajen wuri 1000. A Kano maƙera ke sa masa ƙota, dukawa su ɗinka kube, daga nan ya bazu zuwa Abzin da Barno da Nufe. Da ya zo kan bindiga sai ya ce kaɗan ce ke shigowa kasuwar. Ƙananan bindigogi irin na hannu kuwa, attajirai ne ke sayar wa sarakuna da manya a keɓe. Ashe ko a wancan zamani bindigar hannu kayan fada ce da ado, farke bai san ta a matsayin abin tafiya ba.

Ba wai ba a san bindiga ba. Sunanta ma daga Larabci muka aro, haka albarushi da harsashi, kuma tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno yake da dakaru masu harbi da ita. Daga bakin teku kuma doguwar nan mai ƙanƙara tana hawowa, wadda Ingilishi ke kira da sunan mutanen Danmak saboda su ne ke sayar da ita a gidansu na Osu kusa da Ankara. Fataken Gwanja sun gan ta hannun Asante, wasu sun saya. Amma duk wanda ya taɓa ganin maharbi na ɗura irinta ya san dalilin da ya sa aka laƙaba wa jikokinta harba-ka-ruga. A zuba albarushi ta baki, a danna, a zuba ƙarafa, a sake dannawa, kafin a gama mai baka ya saki kibiya biyar. In damina ce albarushi ya jiƙe ta ƙi tashi. In an cika mata ciki ta fashe a hannun mai ita. Abin da take da shi wanda baka ba shi da shi ƙara ce, mai firgita doki da mahayinsa, shi ya sa ƴan kaɗan kan isa ayari guda. Inda bindiga ta taru da yawa, hannun sarauta ne. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara dubbanta a Zinder, har igwa ake zuba masa a garin, ana haɗa albarushi. Wannan rundunar sarki ce, ba guzurin ɗan kasuwa ba.

Daga nan sai magana ta fita hannunmu ɗungum. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a Brussels, babban birnin Beljiyam, da sunan hana cinikin bayi. A ciki suka shata wani yanki na Afirka, tun daga arewacin Bilma har kusa da Afirka ta Kudu, suka hana sayar wa mutanen cikinsa bindigar zamani da harsashinta. Abin da suka bari a sayar shi ne mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Bayan shekara tara Faransawa suka shiga Zinder, a 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato, su da bindiga mai ruwa, mu da abin da suka yarda mu saya. Dokokin da ake kama mu da su yau a kan iyaka, in aka bi salsalarsu, a wannan takarda ta Brussels za a tsaya.

Gaskiya ɗaya dai, hanya ta yi sanyi bayan haka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku daga Ankara zuwa Ikko, irin hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi arziki da ita, sannan mota ta zo ta ƙarasa kashe ayarin jakuna. Iyayenmu da suka kafa ƙungiyar nan sun yi fatauci a zamanin da direba kan tsaya tsakiyar daji ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kamiyo ya kwana. Mun tambayi dattawa huɗu abin da suke riƙewa a lokacin. Amsarsu kusan ɗaya ce: sanda, wuƙar yankan nama, da laya. Takobi ya koma kayan hawan salla.

To ita ƙaramar bindigar da ake tambayarmu fa, daga ina ta fito? Tarihinta na wasu ƙasashe ne, can ya kamata a bi shi. Libarba mai juyawa Ba'amurke Samuel Colt ya yi wa rajista a 1836. Wadda ake zura wa gidan harsashi ta ƙota kuwa, wani Ba'amurken ne, John Browning, ya zana wadda ta fara bazuwa, kamfanin FN na Herstal a Beljiyam ya ƙera ta a 1900, da harsashi mai faɗin milimita 7.65. An yi ta siririya domin ta shige aljihun kwat ɗin mutumin birni. Ƙanwarta, ƙirar 1910, da ita wani saurayi ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, abin da ya kunna Yaƙin Duniya na Farko.

Lambobin nan da samari ke ambata ba komai ba ne illa faɗin harsashi. Turai na aunawa da milimita, Amurka da inci. Mai milimita 9 da ya cika duniya, Georg Luger ya fito da shi a farkon shekarun 1900 domin wani kamfanin Jamus. Mai lamba 45 kashi 45 cikin 100 na inci ne, wato ya ɗan haura milimita 11. Sojan Amurka sun koma gare shi a 1911 bayan sun yi kukan cewa mai lamba 38 ba ya tsayar da mayaƙan Moro, Musulmin kudancin Filifin, da suke yaƙa a lokacin. Sun riƙe shi har 1985, sannan suka ɗauki mai milimita 9 ƙirar Beretta.

Gardamar da ke cikin wayoyinku ta ƙara zafi ne daga ranar 11 ga Afrilu 1986. A ranar jami'an hukumar FBI takwas suka tare ƴan fashin banki biyu a Miyami. An kashe ƴan fashin, amma sai da jami'ai biyu suka mutu, biyar suka ji rauni, kuma yawancin ɓarnar mutum ɗaya ya yi ta da doguwar bindiga bayan an riga an harbe shi. Hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin milimita 9, ta koma mai milimita 10. Ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi a hannu, aka rage shi, daga nan aka haifi mai lamba 40 a 1990. Bayan shekara 20 da ƴan kai, a 2014, sashen horo na hukumar ya ce a dawo kan milimita 9 ɗin da aka bari. Dalilansu su ne harsashin ya inganta, ya fi sauƙin riƙewa, kuma inda harbi ya sauka ya fi girman harsashi muhimmanci. A cikin bayanin ne suka ce jami'an tsaro kan kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harbin da suke yi idan ana musayar wuta. Mu wannan lissafi ya fi tsaya mana a rai. Mutanen da gwamnati ke biya su yi atisaye ke nan. Ina ga ɗan kasuwar da bai taɓa harba ashirin ba, cikin duhu, gabansa na faɗuwa?

Sannan masu bidiyon nan suna magana ne daga inda doka ta ba su. Tsarin mulkin Amurka ya tanadi haƙƙin riƙe makami. Jihar Fulorida ta yi doka a 1987 cewa duk wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi izinin yawo da bindiga a ɓoye, jihohi suka yi ta bi, Ilinoi kuwa ita ce ta ƙarshe da ta halatta yawo da bindiga a ɓoye, a 2013. Mu kuwa sana'armu ƙetare iyaka ce, kuma kowace iyaka da nata hukunci.

A Nijar izini daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ta gargajiya mai ɗuri ta baki, kwamishinan ƴan sanda na jiha ke ba da lasisinta. Ta farauta, sufeto janar. Libarba da fistol kuwa an sa su aji ɗaya da bindigogin soja, ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa. Ku duba ku gani, rabon Brussels ne aka sake wa riga. Wata dokar ta 1984 kan fashi da makami ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyu, ga wanda aka samu da bindiga ba lasisi. Ko a Yunin 2022 da gwamnatin Zamfara ta ce talakawa su nemi bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaron ƙasar ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ƙasashen CEDEAO sun sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja a 2006, Kamaru da Cadi na cikin ta Kinshasa ta 2010, kuma babu wadda ta ce takardar wata ƙasa ta wadatar a wata. Takardarka ta Maraɗi tana ƙarewa ne a Ɗan Isa. Da ka shiga Jibiya, kai mai laifi ne.

Ba labarin littafi muke yi ba. Kun san ɗan uwanmu da aka samu da ita ƙarƙashin kujerar mota a wani shinge na ƙetare, ba sai mun faɗi suna ba. Mu muka rubuta kuɗin lauya a littafin ƙungiya, mu muka ga kayansa sun lalace a tsare, mu muke kai wa iyalinsa gudummawa. Bindigar kuwa bai taɓa harba ta ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma maganar abin da ake sayarwa a bayan fage. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 da buɗewar zinariyar Jado a 2014, masu bincike kan makamai sun tarar da yawa daga ƙananan bindigogin da ke yawo a arewacin Nijar ba na gaske ba ne tun asali. Ƙirar Turkiyya ce mai ƙara kawai, ta tsoratarwa, aka juya ta. Ƙarfenta ba a yi shi don ɗaukar harsashi mai rai ba, tana iya fashewa yadda ta kakanni ke fashewa. Har ila yau milimita 9 ba iri ɗaya ba ne: akwai na Luger, akwai na Makarof na Rasha, akwai gajere, kuma wani ba ya zama a madadin wani. Mai sayarwa a ɓoye ba zai zauna ya karanta maka wannan ba.

Ba mu raina tsoron samarinmu ba. Mu ma mun zauna a biron nan ana karo-karon kuɗin fansa, mun ji muryar ɗan uwa ta waya daga daji. Wanda ya ga haka ya ce gara ya mutu da abu a hannu, ba mahaukaci ba ne. Kuma akwai inda ƙaramar bindiga ke da rana: ɓarawo ɗaya ko biyu da suka biyo mutum shago ko masauki, a tazarar taku kaɗan. Don irin wannan aka ƙera ta. Wanda ya bi hanya ya samu izini a ƙasarsa, haƙƙinsa ne, kuma abin da FBI ta gano bayan wahala ya ishe shi: wadda hannunsa ke iya riƙewa, wadda masu aikin suka horar da shi a kanta, wadda takardarsa ta ambata, a kulle nesa da yara. Amma masu tare hanya a yau ba biyu suke zuwa ba. Gommai ne bisa babura, kowa da kalashinikof mai cin harsashi 30, wadda ke kai wa mita 300. Harbi ɗaya daga cikin mota ya isa a buɗe wa motar wuta da duk wanda ke ciki, har da fasinjan da bai san kana ɗauke da komai ba.

Abin da ya ba mu mamaki da muka gama tattara wannan tarihi shi ne yadda ayari ya dawo da kansa ba wanda ya kira shi. Motocin Agadas zuwa Dirku sun daɗe suna taruwa su tashi rana ɗaya da rakiyar soja, kamar yadda raƙuman gishirin Bilma kan taru dubbai kafin su shiga Tenere. A arewacin Kamaru, inda zargina suka addabi mutane tun kafin Boko Haram, an yi shekaru ana bin hanyar Mora zuwa Kuseri a kwamba. Bayan da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayanmu na Lome ta Kaya da Dori da Tera suka riƙa shigowa, kamiyo ɗaruruwa a jere, soja gaba soja baya. Ana jira makonni, ana asara, ana ƙorafi, kuma wani lokaci duk da rakiyar ana kai hari. Haka fataken Gwanja suka yi ta jira a bakin Kwara. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji su, ko da yake su ma ba kullum suke dawowa cif ba.

Rajistar masu son tashi tare tana nan buɗe a biro, kowace hanya da shafinta, kuma har yanzu shafuka biyu ba su da madugu. Muna roƙon iyayenmu su duba wannan a taron bana.

Ɗaya daga cikin dattawan da muka tambaya ya shiga ɗaki ya fito mana da takobin kakansa, wanda ya je Gwanja sau uku. Kuben ya bushe ya tsattsage, amma a jikin ruwan ana iya ganin tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Ya ce a saninsa sau ɗaya aka taɓa zare shi a hanya, shi ma don a yanke igiyar wani takarkari da ruwa ya ja a mashigi. Ya yarda a kawo shi wurin biki, za a ajiye shi bisa tebur kusa da littafin rajista na farko. Ya ce a gaya wa yara su duba da ido kawai, har yanzu yana da kaifi.